Ba a Fiɗar Mai Rai

Taku ashirin da uku ne tsakanin ƙofar ɗakin Wasila da zauren gidansu. Ita ta ƙirga da kanta, kuma ta san inda take yada zango: sau ɗaya a jikin turmi, sau ɗaya a bakin randa. Kafin ta fara takun ma sai ta gama da ƙofa. Maginan Birni na dā ba su yi ƙofofinsu da irin jikinta a rai ba, don haka a karkace take fita, kafaɗa ɗaya tukuna, sannan ta riƙe numfashi ta jawo sauran. Gefen bangon har sheƙi yake yi saboda goga.

Wanda ya san ta shekara shida baya ba zai yarda ita ce ba. Siririya ce a lokacin, mai saurin tafiya, kuma a lokacin ne Alkasum ɗan gidan Malam Abba na unguwar Zengo ya ce ita ko babu. Mahaifiyarsa Zuliha ta ce jinin malamai ba ya haɗuwa da na fawa, domin uban Wasila, Ɗan Azumi, mahauci ne ɗan mahauci. Aka yi kuka aka gaji. Wasila ta haƙura ta auri wani manomi a Mirriya, shekara ta zagayo ta haihu, sai zazzaɓi ya ɗauke mijin da jaririn a mako guda, tana tsakiyar jego.

Ta dawo gidan ubanta ba ta magana, ba ta ci.

To, mahauta ba su iya ta'aziyya da baki ba, da nama suke yin ta. Kullum Ɗan Azumi ya dawo daga mayanka da ƙunshi a hannu: tantani, ƙashin ɓargo, kitsen ƙoda. Ƙanwarsa Inno, wadda ta raini Wasila tun rasuwar uwarta, ta dama kunun kanwa, ta narka man shanu, ta zauna a gabanta tana lallashi sai ta ga ƙasan kwano. Jegon da ake gamawa a kwana arba'in, nasu ya kai shekara biyar.

Da farko yabo aka yi ta yi. A Damagaram ƙiba ba abin zagi ba ce, mata na shigowa suna cewa tubarkalla, bazawara ta yi kyau. Ba wanda ya lura da ranar da abin ya wuce kyau. Tumbi ya sauko ya kusa gwiwa, nauyinsa ya ja cibiya ta ɓullo kamar an kifa ludayi, in ta murɗa kuwa sai Wasila ta ciji zane don kada maƙwabta su ji.

Alkasum bai yi aure ba duk shekarun nan. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya zama ma'aikacin asibiti, gari na kiransa Mushe Alkasum, kamar yadda ake kiran duk ɗan boko mai albashi da Faransanci. Shi ya dawo zance, shi kuma ya matsa aka kai ta wurin likita Bature. Ma'aunin asibiti ya kasa ɗaukarta, dole aka aro na gyaɗa daga shagon Alhaji Suma'ila. Alhajin da kansa ya rako kayansa don kada a lalata masa, ya ga inda allura ta tsaya, saura kaɗan ta kai buhu biyu, nan take ya ji duk duniya ba macen da ta dace da gidansa sai ita. Haka Wasila ta je neman magani ta dawo da manemi na biyu.

Likita ya ce hanji ne ke leƙowa ta cibiyar, wata rana zai shaƙe, kuma ba zai iya gyara wurin ba sai ya yanke kitsen da ke jan sa. Tsohon tafinta ya juya ga Ɗan Azumi ya ce, "Lokotoro ya ce fiɗa za a yi mata."

Ɗan Azumi ya ɗauki takalmansa ya fita, bai ko yi sallama ba.

Takardar yarda da aikin da ake so ya dangwala wa yatsa tana ƙarƙashin tabarmar Wasila yau kwana goma sha biyu. Ranar Laraba ƙasa za ta karɓi 'yancin kai, Baturen zai koma garinsu, kuma ba wanda ya san yaushe za a aiko wani. Litinin ce ranarsa ta ƙarshe a ɗakin aiki. Yau kuwa Asabar.

Da hantsi Inno ta shigo da kaya niƙi-niƙi, bakinta har kunne.

"Tashi ki ga arziki, 'yar nan. Daga gidan Alhaji."

Ƙwarya biyu ta man shanu, buhun dabinon Bilma, zuma a tulu, da atamfa turmi uku iri ɗaya.

"Uku ya sayo, don ya ce ɗaya ba za ta kewaye ki ba," in ji Inno tana dariya. "Kuma ya sa magina sun fara ɗaki. Ƙofar, an ce kamiyo ma, babbar motar kaya, sai ya shiga. Ya ce ko tsinke ba za ki ɗaga ba. Ya ce in kika rage ko kilo ɗaya, bai yafe ba."

Wasila ta dubi man shanun, ta ture ƙwaryar gefe.

"Inno, ai saniyar turka ma haka ake yi mata. A gina mata wuri, a kawo mata ci har gabanta, baƙi su zo su gani su yaba wa mai ita."

"Rufe mini baki! Mutum ya so ki yadda Allah ya yi ki, ki kira shi mai turka?"

"Ba haka Allah ya yi ni ba. Kin manta?"

Dariyar Inno ta ɗauke. Ta zauna a bakin gado, ta kama gefen zanenta tana murzawa.

"Na gane. Ni ce mai laifi. Ranar da aka kawo ki daga Mirriya ƙashin wuyanki ana iya rataya guga a kai. Na ce ba zan binne ki bayan na binne uwarki ba. Da hannun nan na riƙa ba ki, loma-loma. Yau kuma abin da na ba ki shi ne ciwo, sai Annasara ya sa wuƙa ya zubar."

"Inno, ban ce haka ba."

"Kin ce mana. Da idonki kika ce."

Suka yi kuka tare, kowace na ba 'yar'uwarta haƙuri. Da suka gama, Inno ta share hawaye ta ce bari ta ɗumama mata romo, don kuka na sa yunwa. Ita iyakar abin da ta iya ke nan, Allah sarki.

Bayan la'asar aka ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Wasila ta yi fama da ƙofa, ta huta a turmi, ta huta a randa. Kafin ta kai zaure gumi ya jiƙa mayafinta, ta zube a kan dakali tana haki. Alkasum ya kau da kai har ta samu numfashi. Wannan kau da kan nasa yana yi mata daɗi, yana kuma yi mata ciwo.

"Jibi ne, Wasila."

"Na sani. Ko barci nake yi na sani."

"Lokotoro ya tambaye ni yau. Ya ce in ya cire sunanki ya sa wani, ba gyara."

Ta dubi ruwan da ya kwanta a tsakar lungu. Can ta ce, "Zan tambaye ka abu, kada ka yi mini irin maganarku ta asibiti. In ban yi ba, za ka aure ni?"

Ya sake kau da kai, kuma wannan ya ishe ta.

"Inna ta ce..."

"Ban tambayi innarka ba."

"Ki bari in ƙarasa. Ta ce ta haƙura da maganar fawa, tunda shekara shida na ƙi kowace mace. Amma ta ce ba za ta karɓi amaryar da za a ɗauko a amalanke ba, wadda ba za ta iya durƙusawa ta gaishe ta ba."

Hawaye suka zubo wa Wasila, ba ta share ba.

"Ka gani ko? Alhaji na so na da yawa, ku kuna so na kaɗan. Kowa da ma'auninsa ya zo. Dā an ce ubana ne aibina, ban iya canza uba ba, aka raba mu. Yanzu an ce jikina ne, shi ana iya yankewa, to a yanke. Alkasum, in an gama yankan aka ce wani abu ne kuma fa? Me zan sake miƙawa?"

Ya sauko daga dakali ya durƙusa a gabanta, da farin wandonsa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Wallahi, tallahi, in kika ce ba ki yi, gobe in kama ɗaki a Sabon Gari in aure ki, Inna ta yi fushinta ta huce. Na yi miki laifi sau ɗaya da na yi shiru, ba zan sake ba. Amma in aure ki in yi yaya? In zauna ina jiran ranar da abin nan zai shaƙe? Na ga yadda yake kashe mutum, Wasila. Kwana biyu ana ihu. Ni ba ramammiya nake nema ba, mai rai nake nema."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Mutum nawa lokotoron ya yi wa irin nawa?"

"Huɗu."

"Nawa suka tashi?"

Ya sunkuyar da kai. "Uku."

"Ta huɗun fa?"

"Ni na lulluɓe ta."

Ta gyaɗa kai a hankali. Abin mamaki, sai ta ji ta fi yarda da shi yanzu fiye da lokacin da yake rantsuwa.

Ana haka aka yi gyaran murya a bakin zaure. Ɗan Azumi ne, dogo, busasshe, wuƙaƙensa a kube a rataye, ƙunshin nama a hannun hagu. Mutum ne da ya ciyar da rabin unguwa shi bai taɓa yin tumbi ba. Alkasum ya juya durƙusonsa wajensa.

"Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai, Mushe." Ya ja sunan da gangan. "Ka san a wurinmu mushe abin da ake ja a jefar ne. Ban san me ya sa ku kuke son sunan ba."

"Baba, kan maganar takarda ce."

"Na san kan maganar da ce." Ya dubi 'yarsa, muryarsa ta sauko. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunan ba. "Uwata, kin fito? Da kin bari ya yi maganarsa daga bakin ƙofa."

Sannan ya koma kan Alkasum.

"Yaro, shekara arba'in ina fiɗa. Rago, akuya, sa, raƙumi. Ban taɓa fiɗe abu ya tashi ya ci ciyawa ba. Mu da kuke rainawa, kuna cewa ba ku haɗa jini da mu, muna da ladabin aikinmu. Sai mun ba dabba ruwa ta sha. Ba ma wasa wuƙa a gabanta. Ba ma yanka da dakusasshiya. Kuma ko an yanka, ba mai sa wuƙa a fata sai rai ya gama fita, sai ƙafa ta daina shuri. Ba a fiɗar mai rai. Akuya ma ba a yi mata, sai 'yata?"

"Baba, tafinta ne ya rasa kalma. Ba fata za a ɗaye ba. Za a sa mata magani ta yi barci, a tsaga nan ƙasa, a mayar da hanji, a cire kitsen, a ɗinke."

"A ɗinke! Salka ce ita? In ɗinki ne ai ga dukawa nan bayan gida."

Duk Faransancin da Alkasum ya karanta bai ba shi kalma ɗaya da za ta shiga kunnen tsohon nan ba. Sai ya ajiye na asibiti ya ɗauko na mayanka.

"Baba, ka taɓa buɗe tunkiya ka tarar hanji ya zura ta wani rami a tantani, ya shaƙe, ya yi baƙi?"

Ɗan Azumi ya gyara riƙon ƙunshinsa.

"Na sha gani."

"Kafin a kawo muku ita, yaya take yi?"

"Ta ƙi ci. Ciki ya kumbura. Ta yi ta niƙa haƙori. Irin wannan sauri muke yi mata, kafin ta mutu a hannun mai ita."

"To shi ne a cibiyar Wasila. Yanzu yana shiga yana fita. Ranar da ya shiga ya ƙi fita, Baturen yana can ƙasarsu."

Tsohon ya dubi 'yarsa. Ya gane, ba shakka ya gane, don cikin dabba ya fi sanin sa fiye da tafin hannunsa. Amma ganewa daban, dangwala yatsa daban.

"In Allah ya karɓe ta a ɗakinta, na ce Allah ne. In ta mutu a kan teburin Annasara, da yatsana a takarda, me zan ce? Ni na kai ta mayanka." Ya girgiza kai. "Uwata, ke bazawara ce, ba ni da ikon yi miki dole, ko kan aure ko kan wannan. Ga Alhaji nan, mutanensa na zuwa jin amsa. Ga wannan. Amma yatsana ba zai hau takardar nan ba. In kin tafi, ba da yawuna ba."

Ya juya zai shige. Wasila ba ta taɓa tsayar da ubanta da magana ba tunda aka haife ta.

"Baba."

Ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Yaushe rabon da ka ga goshina da ƙasa?"

Ya dafa bangon zaure.

"Azumi uku ke nan a zaune nake salla. In na zo sujada sai in sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi. Akwai abin da nake so in faɗa wa Ubangijina kan ɗana, ba ya faɗuwa a zaune. Ba don Alkasum nake so ba, ba don uwarsa ba. Na gaji, Baba. Ɗakin nan ya zame mini rijiya." Ta ja numfashi da ƙyar. "Ka ce in Allah ya karɓe ni a ɗakina. To ka je ka dubi ƙofar da idon mai aiki. Da raina ma a karkace nake fita. Ranar da ba ni da rai, sai kun rushe bango kafin ku fitar da ni, duk Birni na kallo."

Ƙunshin naman ya suɓuce daga hannun Ɗan Azumi ya faɗi ƙasa. Ganyen ya buɗe, farin kitse ya bayyana, mai kyau, zaɓaɓɓe, irin wanda mahauci ba ya sayarwa. Su uku suka zuba masa ido.

"Ni na ɗora miki," ya faɗa a hankali. "Kullum da hannuna."

"Da shi ka raya ni, Baba. Amma ya isa."

Bai ɗauki ƙunshin ba. Ya shige cikin gida, suka ji ya ja ƙyauren ɗakinsa.

Ranar Lahadi ya tafi mayanka kamar kullum, ya dawo hannu rabbana, karo na farko cikin shekara biyar. Da azahar cibiyar ta murɗa. Inno ta yi ta gasa tsumma tana dannawa, Wasila na cizon zane, gumi na tsiyaya, har Allah ya sa abin ya koma. Duk tsawon lokacin inuwar mutum na tsaye a bakin labule, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba.

Da ta farfaɗo ta ce Inno ta miƙo mata kurtun tawada. Ta jawo takardar daga ƙarƙashin tabarma, ta tsoma babban yatsanta, ta dangwala a ƙasa. Ba ta iya karatun abin da ke ciki ba, ba ta ma san ko nan ne wurin ba. Tsoro kuwa ya cika ta fal, ta huɗun nan da aka lulluɓe ba ta bar idonta ba.

"Kayan Alhaji fa?" in ji Inno da muryar da ta sha kuka.

"A mayar masa. Ki ce na gode, Allah ya ba shi mai cika masa ƙofa."

Alkasum ya aiko cewa daga magariba kada ta ci kada ta sha, ko ɗigon ruwa, sai an gama aiki. Inno ta ce wannan wane irin magani ne da ake farawa da yunwa. Ta zauna da kwanon tuwo a cinya, ba ta ci ba, ba ta bayar ba.

Litinin gari ya waye da yayyafi. Motar asibiti ba ta iya shiga lungunan Birni, a bakin babbar hanya ta tsaya, inda ma'aikata ke ta ɗaura tutoci don bikin jibi. Alkasum ya ƙaraso a ƙafa ya tsaya a waje.

Wasila ta yi salla a zaune. Ta dubi ɗakin, gadon da ya lotsa, tabarma, ƙaramar taga. Ta juya kafaɗa ta shiga ƙofa, bango ya goge ta kamar kullum. Inno ta ce ba za ta iya kallo ba, ta shige madafa, sai kuma ga ta da gudu ta gyara mata mayafi, ta tofa mata addu'a a ka.

Turmi. Randa. Zaure.

Ɗan Azumi na zaune a kan dakali da rigarsa ta Juma'a. Babu wuƙa a jikinsa. A ranar aiki, da safe, rabonsa da zama a gida tun rasuwar matarsa.

"Kawo takardar."

Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon baƙin tabon yatsanta. Sannan ya jawo kurtun da ya riga ya ajiye a gefensa, ya tsoma yatsansa mai tabon wuƙa, ya danna kusa da nata, da ƙarfi har takardar ta kusa hujewa.

"Shigo, ɗan Malam."

Alkasum ya shigo ya durƙusa. Tsohon ya zaro wani abu daga aljihu, naɗe cikin tsohuwar fata. Dutsen wasa wuƙa ne, baƙi, tsakiyarsa ta lotsa don daɗewa.

"Na ubana ne, shi ma na ubansa. Ka kai wa lokotoronku. Ka ce in ji uban yarinya, ya wasa da kyau, dakusasshiya ita ke azabtarwa. Ka ce kada ya wasa a gabanta. Kada ta ga wuƙar."

Alkasum ya san wuƙar Bature ba ta bukatar dutse. Bai faɗa ba. Ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihun ƙirjinsa, hawaye na ɗiga a kan farar rigarsa.

"Zan faɗa masa, Baba. Kuma ina tsaye a kanta har a gama."

"Ka tsaya. In ta tashi, ka turo manyanka. In uwarka ta ƙi, ka zo kai kaɗai, ni na ba ka."

Wasila ta rufe fuska da mayafi. Shekara shida take jiran wannan magana, sai ga ta ta zo a safiyar da ba ta san ko za ta ga yammarta ba.

Ɗan Azumi ya miƙe ya shiga ciki. Suka ji ƙarar murfin randa. Ya dawo da ƙoƙo cike da ruwa, yana tafe a hankali don kada ya zube, ya miƙa mata har bakinta.

"Sha, Uwata."

Alkasum ya buɗe baki zai tuna musu dokar likita. Wasila ta ɗaga masa hannu. Ta dubi ruwan, ta dubi ubanta, ta gane ko wane ruwa ne. Shekara arba'in bai taɓa barin rai ya je ga wuƙa da ƙishirwa ba, kuma a zuciyarsa ya riga ya sallama ta.

Maƙogwaronta a bushe yake tun jiya. Ta sa tafinta a ƙarƙashin nasa, ta tura ƙoƙon a hankali ya koma wajensa.

"Ajiye mini, Baba. Ni ba yanka ni za a yi ba. In na dawo na sha."

Ta dafa bango ta sa ƙafa a lungu. Ashirin da huɗu. Ashirin da biyar. Daga nan ba ta san inda ake hutawa ba, sai ta ci gaba, Alkasum na biye da ita taku ɗaya a baya, matan unguwa na leƙowa ta katanga.

Ɗan Azumi bai raka su ba. Yana nan tsaye a zaure da ƙoƙo a hannu har ƙarar mota ta tashi, ta yi nisa, ta ɓace. Inno ta fito tana jan hanci, ta miƙa hannu za ta karɓa ta mayar randa.

Ya janye. Ya ɗauko faifai ya rufe bakin ƙoƙon, ya zauna a kan dakali yana fuskantar lungu, ya ɗora shi a gwiwa ya riƙe da hannu biyu.

"Kada kowa ya taɓa," in ji shi. "Na Uwata ne."